Na nemi takardata don in yi aiki bisa doka, an ce in tafi takari

Ranar Talatar da ta wuce, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, wani ma'aikaci da bai kai ƙanena shekaru ba ya dube ni a gaban jama'a ya ce in tafi Umara in ɓace kamar yadda kowa yake yi. Tun daga ranar ban yi barcin kirki ba, domin maganar ta faɗo ne a kan ciwon da na daɗe ina jinya.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare a cikin garin Sakkwato. A bara wata makaranta a Saudiyya ta yi mini jarrabawar baki ta intanet har sau biyu, ta gamsu, ta aiko mini da takardar ɗaukar aiki. Sharaɗinta a fili yake: sai na kawo takardar digirina da takardar sakamakon darussan da na yi, wadda muke kira tiranskirif, kuma sai an buga musu hatimin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da na Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar ya tantance su. Bayan haka akwai takardar 'yan sanda mai shaida cewa ban taɓa aikata laifi ba, da gwajin lafiya a asibitin da suka amince da shi. Idan waɗannan sun cika ne za a buga mini bizar aiki, idan na sauka kuma makarantar ta cirar mini igama, wato katin da ke halatta wa baƙo zama da aiki a can. Ban yi gardama da ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan ba, domin kowace ƙasa tana da ikon ta san wanda za ta danƙa wa 'ya'yanta.

Abin da ya tsaye mini a wuya shi ne takarda ta farko, wadda take hannun mutanenmu. Wata biyar da suka wuce na biya kuɗin tiranskirif a banki, na kai rasit ofishin da ke da alhakin fitar da ita. Zuwan ranar Talata shi ne na tara. Na roƙi abokin aikina ya riƙe mini aji biyu, na hau kabu-kabu cikin wannan ranar ta Sakkwato mai ƙona fata, na isa na tarar da mutum kusan goma sha biyar a kan benci, kowa da fayil a cinya yana fifita da shi. Da layi ya zo kaina na shiga na yi sallama. Ma'aikacin bai amsa ba. Idonsa yana kan waya, babban yatsansa yana ta tura hotuna sama, ga ledar gyaɗa a buɗe a kan wani fayil da aka rubuta sunan mutum a jikinsa. Na sake yin sallama, na ce, "Ranka ya daɗe, ina wuni?"

Ya ce, "Mi kaka so?"

Na ajiye rasit a gabansa da hannu biyu, na gaya masa sunana da shekarar da na gama, na tuna masa cewa shi da kansa ya ce in dawo bayan sati biyu. Ya ɗauki rasit ɗin da yatsa biyu, ya juya bayansa, ya tura mini shi har ya faɗo ƙasa. Na sunkuya na ɗauka. Ya ce mai sa hannu ya yi tafiya. Na ce a zuwana na baya an ce mai sa hannu yana nan, fayil ne ba a gani ba. Ya ce to yanzu an ga fayil, mai sa hannu ne ba ya nan. Na tambaye shi ranar da zai dawo, sai ya ɗago kai, karo na farko tun shigowata, ya ce, "Ni matatai ce da zan san ranar dawowatai?"

Na haɗiye wannan. Na sassauta murya na yi masa bayani cewa makarantar da ta ɗauke ni ta ba ni wa'adi zuwa ƙarshen wata mai zuwa, cewa takardar 'yan sanda da na cira ta riga ta wuce wata ukun da suke karɓa har na sake biyan wata, kuma idan wannan takarda ba ta fito ba duk abin da na kashe ya tafi a banza. Ya tambaye ni wace ƙasa, na ce Saudiyya. Ya ce aikin me, na ce koyar da Turanci. Nan ya ajiye wayar, ya kwashe da dariya, ya juya ga abokin aikinsa na ɗaya teburin ya ce, "Ka ji wanga! Turawa sun ƙare a duniya, sai Basakkwace za shi koya ma Larabawa Turanci." Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kana wahal da kanka. Ka yi bizar Umara ka shige, ka ɓace cikin 'yan takari kamar kowa. Wa ka tambayar takarda can?"

Mutanen da ke bakin ƙofa duk sun ji. Wani dattijo masinja da ke zaune a lungu ya sunkuyar da kai, da na fito ya biyo ni ya ce, "Yi haƙuri ɗana, in da ka sa mishi ɗan na goro da tuni an wuce wurin." Na gode masa, domin na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma maganarsa ta ƙara mini zafi a kan na farko.

Ina so wannan ma'aikaci ya san abin da ya ba ni shawara a kai. Bizar Umara ba ta halatta aiki, kuma wanda ya wuce wa'adinta ya zama abin farauta: tara, ɗauri, korowa gida da hana shi komawa. Babu unguwar da ba ta san wani da ya tafi ta wannan hanya ba, yana kwana a ɓoye, ba ya iya zuwa asibiti idan ya yi ciwo, ba ya iya kai ƙara idan an cinye masa haƙƙi. Ma'aikacin da ake biya albashi daga dukiyar jama'a don ya fitar da takarda, shi ne yake zaune a kujerar hukuma yana tura ɗan ƙasa ya je ya karya dokar wata ƙasa, saboda ya fi masa sauƙi a kan ya tashi ya buɗe kabad.

Dariyar da ya yi wa Turancina ma ba sabuwa ba ce a kunnena, na sha ta daga waje kafin in sha ta a gida. Koriya ta Kudu tana da bizar malaman harshe da ake kira E-2, kuma ga mai koyar da Turanci ƙasashen da aka saba karɓa su bakwai ne: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostareliya, New Zealand, Ayalan da Afirka ta Kudu. Nijeriya, wadda Turanci ne harshen gwamnatinta da kotunanta da jarrabawarta tun kafin 1960, ba ta ciki. Wurare da dama sai ka rubuta jarrabawar IELTS ka tabbatar kana jin harshen da ka yi digiri a cikinsa, sakamakon kuma bayan shekara biyu ya daina aiki, ka sake biya. Na rubuta ta sau biyu. Wannan rainin na baƙi ne, kuma na iya jure shi. Wanda ba zan iya jurewa ba shi ne a ce bayan na tsallake shingen baƙo, ɗan garinmu ne zai riƙe mini ƙafa.

Laifin kuma ya wuce yaro ɗaya mai cin gyaɗa a kan fayil. Tun 1961 akwai yarjejeniyar Hague wadda ta sa hatimi guda ɗaya daga ƙasarka ya wadatar a sauran ƙasashen da suka sa hannu. Ƙasashe fiye da 120 suna ciki, har da Afirka ta Kudu da Maroko. Saudiyya ta shiga a 2022, Sin ta bi a 2023. Nijeriya har yau ba ta shiga ba. Shi ya sa malami daga Sakkwato zai ɗauki asalin takardunsa, abin da ya kwashe shekaru yana nema, ya bi hanyar Gusau da Funtuwa da ransa a hannu saboda 'yan bindiga, ya kwana a Abuja yana yawo daga ma'aikata zuwa ma'aikata. Wane ne a cikin masu mulki ya taɓa tsayawa ya yi wannan lissafin? 'Ya'yansu a waje suka yi karatu, takardunsu ba sa bi ta wannan benci.

Kullum ana ce mana mu yi haƙuri, alhali kuɗin haƙurin sai hawa yake yi. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin hukuma ba ta kai naira 500 ba, cikin 'yan watanni ta haura 1,500, kuma duk abin da ya shafi fita waje da dala ake auna shi. Ƙaramin fasfo ya koma naira 50,000 a Satumbar 2024, ya koma 100,000 a Satumbar 2025. Albashin malamin makaranta fa, wa ya ninka shi? Waɗanda suka fi ni ƙuruciya sun rasa wata takwas cur a yajin aikin jami'o'i na 2022, suka fito a makare, yanzu kuma suna kan benci ɗaya da ni suna jiran takardar da za ta nuna sun yi karatun. Ko maƙwabciyarmu Nijar, inda malaman Turanci daga nan suke tsallakawa ta Illela su koyar a Birnin Ƙonni da Tawa, ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kowa yana zaune cikin zullumin abin da zai biyo baya. Gwamnati tana kukan cewa ƙwararru suna guduwa, tana kuma kukan cewa 'yan ci-rani suna zubar mana da mutunci a ƙasashen waje, amma wanda ya ce zai fita ta ƙofa da takarda a hannu shi ake wa dariya a ofis.

Mu ma jama'a muna da namu kason. Mutum goma sha biyar ne suka ji abin da aka faɗa mini, babu wanda ya ce uffan, domin kowa yana tsoron kada fayil ɗinsa ya ɓace. Da na ba da labarin a majalisarmu da daddare, tambayar farko da aka yi mini ita ce ko ba ni da wani babba da zai buga waya.

Ba ni da babba, kuma ba zan ba da na goro a kan takardar da na riga na biya kuɗinta ba. Na rubuta takardar koke zuwa ga shugaban ofishin, na haɗa da kwafin rasit da ranakun zuwana guda tara, kuma ranar Litinin da safe zan kai ta da hannuna in tsaya sai an buga mini shaidar karɓa. Kwana talatin da huɗu suka rage a wa'adin da makarantar ta ba ni, sabuwar takardar 'yan sandan kuma ta riga ta ci wata ɗaya a cikin jakata.