Kyamarar da ta kama kowa a gidanmu ban da ɓarawon ƙwai

A tsakiyar damina ƙwan kajin uwargidana ya fara ɓacewa daga akurki, kuma da yake gidanmu yana bakin gari ta wajen fadamar Gulbin Maradi, kowa ya fito da wanda yake zargi. Uwargida ta ce muzuru ne, Inna ta ce gafiya ce, yara suka rantse cewa tunku ne domin sun ji warinsa a bayan ɗaki. Ni kuwa na tsaya a kan cewa ba a yanke hukunci sai da shaida, shi ya sa na je wurin taubashina, ma'aikacin gandun daji, na aro kyamarar nan da ake ɗaurewa a jikin itace ta riƙa ɗaukar hoton namun daji da kanta.

Kafin ya ba ni sai da ya gama yi mini tsiya. Ya ce, "Taubashi, irin wannan na'ura ga barewa ta dace, ko ga raƙuman dawa 8 da aka kai gandun dajin Gadabeji daga yankin Kure a 2018, kai kuma za ka sa ta gadin kaza." Sannan ya nuna mini yadda take aiki. Ƙaramin akwati ne mai launin ganye, da batura da katin ajiya a ciki, kuma tana da wani ido mai jin ɗumi, wanda idan abu mai zafin jiki ya gifta a gabansa sai ta ɗauki hoto. Da dare tana haska wuri da wani haske da idon mutum ba ya gani, hoton ya fito fari da baƙi, da kwanan wata da sa'a a rubuce a ƙasansa.

Abin da bai gaya mini ba shi ne, ganyen da rana ta gasa, idan iska ta kaɗa shi, ita a wurinta dabba ne. Na ɗaure ta a jikin dogon yaron tsakar gida, kuma da na buɗe katin a kwamfuta sai na tarar da ɗaruruwan hotunan reshe ɗaya tak, tare da zanen uwargida da ke kan igiyar shanya, batura kuwa sun mutu murus. Na sayo sababbi, na mayar da ita jikin turke daidai gwiwa, tana kallon ƙofar akurki. Akuya ce ta fara kawo ziyara, ta bar mana hoton ƙofofin hancinta.

Daga nan aiki ya kankama, na gane cewa tsakar gidan da nake sharar barci a gefensa kasuwa ce da dare. Bushiya takan fito bayan isha'i tana bin gindin bango tana neman ƙwari. Gafiya takan biyo baya, kumatunta a cike tim da gyaɗar da aka shanya, ta tsaya gaban kyamarar da ƙafafun baya tana shinshina, sannan ta wuce abinta ba ta ko waiwayi kaji ba. Muzurun maƙwabta, wanda aka fi ɗora wa laifi, ta kan katanga yake wucewa zuwa wata hidimar da ba ta shafi ƙwai ba. Har babban ɗana ya fito, yana haurowa ƙarfe ɗaya na dare daga gidan kallon ƙwallo, alhali tun bayan isha'i ya yi mana sai da safe.

Na tara iyali gaban kwamfuta domin kowa ya ga amfanin bincike, ina danna hotuna ina bayani, yaron nan yana ta sunkuyar da kai. Sai ga wani hoto na ƙarfe biyu da rabi na dare: ƙaton mutum da singileti a tsugune, hannunsa har kafaɗa a cikin akurki, idanunsa biyu suna walƙiya fari fat. Ɗakin ya yi tsit. Uwargida ta matso, ta ƙura ido, ta ce, "Malam, ashe muzurun namu singileti yake sawa." Na yi bayani cikin natsuwa cewa ƙidayar ƙwan na fita yi domin in san lokacin da yake raguwa, amma Inna ta katse ni ta ce, "Kai yaro, idan ƙwai kake so ka faɗa a soya maka, ba sai ka tashi kaji tsakar dare ba." Ɗan nawa kuwa, da ya ga shari'a ta bar kansa, har da tafi.

Ɓarawon gaske da rana tsaka ya bayyana. Uwargida tana daka sai ta ji kaza ta ƙwala ihu, ta juya ta ga guza ya fito daga akurki da ƙwai a baki, ya nufi rariyar da ruwa ke fita. Ta kai masa duka da taɓarya, guza ya sulale, taɓarya ta sauka a kan murfin kyamara. Na ruga na ciro katin ina murnar cewa yau sunana zai wanku, amma babu guza ko wutsiyarsa, sai uwargida kaɗai, taɓarya a sama, baki a buɗe, ɗankwali ya zame.

Na kira taubashi, ya yi dariya har da tari, ya ce jikin guza yana bin zafin wurin da yake, saboda haka idan ya ratsa ƙasar da zafinta ya yi daidai da nasa, sau da yawa na'urar ba ta san ya wuce ba. Muka toshe rariya da raga, ƙwai ya daina ɓacewa, uwargida ta tsaya a kaina sai da na goge hotonta. Nawa kuwa yaron nan ya riga ya tura wa taubashi ta WhatsApp, kuma da na tambaye shi kuɗin murfin da ya tsage, ya ce a biya shi da ƙwai 30, ni zan ɗebo da hannuna, tun da an tabbatar na san hanyar akurki ko a cikin duhu.