Likitan sa barci fa?

Na karanta labarin yaron nan da injin markaɗe ya datse wa yatsu biyu aka mayar masa da su. Allah ya saka wa likitocin da alheri. Amma duk yabon ya tafi ga likitan fiɗa, an manta da mai sa barci, wanda ke riƙe da numfashin yaron awanni ana ɗinke jijiyoyi siraran kamar zare. Shi ke yin allurar hammata mai kashe zafi, wadda ke buɗe hanyoyin jini ya isa yatsun. Yana kuma ɗumama yaron, don sanyi na matse hanyoyin jinin. Iyaye, in ya tambaya yaushe yaro ya ci abinci, ku faɗi gaskiya ko da koko ne. In aka sa shi barci da abinci a cikinsa, amai na iya shiga huhunsa.