Son karatu daga kunne yake farawa

Wani marubuci ya ce makaranta ce ke dasa wa yaro son karatu, amma a ganina tun kafin ya san baƙi da wasali ake dasa shi. Yaron da ya saba sauraron labari daga bakin babba, ana tsayawa daidai inda ya fi daɗi a ce masa sai gobe, shi ne wanda idan ya iya haɗa harufa ba zai jira kowa ba, zai je ya nemo ƙarshen labarin da kansa. Makaranta tana koyar da yadda ake karatu ne, kuma sau da yawa takan haɗa littafi da jarrabawa har yaro ya riƙa kallonsa a matsayin wahala.

Shi ya sa har yau na fi son Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939. A juzu'i na farko aku ne ke ba ɗan sarki labari bayan labari domin ya hana shi fita daga fada, kuma wannan jan ran da ya riƙe ɗan sarkin shi ne yake hana mai karatu ajiye littafin. Ruwan Bagaja, wanda ya samo asali daga gasar rubutu ta 1933, ya fi shi gajarta da ban dariya, sai dai ban cika komawa gare shi ba, domin barkwancinsa yakan ragu idan an maimaita karanta shi.