Practical Magic: fim ɗin ya ɗauki tsafin ya bar dangin

Duk wanda ya karanta littafin Practical Magic na Alice Hoffman wanda ya fito a 1995, sannan ya kalli fim ɗinsa na 1998 da Griffin Dunne ya ba da umarni, zai ga sunayen mutanen kusan duk suna nan amma zuciyar labarin ta canza waje. Ni dai a ganina masu fim ɗin ɓawon suka ɗauka suka bar ƙwayar.

Labarin na wasu marayu ne biyu, Sally da Gillian Owens, da gwaggonninsu Frances da Jet suka rena a Massachusetts ta Amurka, a garin da kowa ke nuna matan gidan da yatsa ana ce musu mayu, amma da dare ya yi sai matan garin su lallaɓo ta ƙofar baya neman asirin mallakar namiji. To a littafin, bayan mota ta kashe mijin Sally, ta kwashe 'ya'yanta mata biyu ta bar gidan kwata-kwata ta koma wata unguwa a jihar New York, dan kawai yaranta su tashi kamar 'ya'yan kowa ba tare da ana tsangwamarsu ba. Wannan gudun fa shi ne ƙashin bayan littafin. Mace ce da ta gaji da sunan gidansu, ta gina rayuwa mai tsari, sai ga ƙanwarta Gillian da ta yi shekaru tana yawo ta dawo mata da gawar saurayinta Jimmy a cikin mota. Suka binne shi a bayan gida, furannin lilac suka hau tofo ba ƙaƙƙautawa a wajen. Fim ɗin kuwa ya maida Sally gidan gwaggonnin ya zaunar da ita, shi kenan an cire gudun, an cire dawowar.

Abin da ya fi min ciwo wallahi shi ne yaran. A littafin Antonia da Kylie 'yan mata ne masu tashen balaga, suna kishin juna suna faɗa suna shiryawa, kamar dai yadda uwarsu da Gillian suka yi, kuma Kylie ce ke ganin fatalwar Jimmy a ƙarƙashin furannin nan. Akwai wajen da Gillian ta rina wa Kylie gashi lokacin da ta cika shekara 13, Sally ta hau ta da faɗa sosai, kuma duk wanda ya taɓa zama da 'yan uwa ya san ba gashin ake wa faɗa ba, tsohon haushi ne na wadda ta zauna ta ɗauki nauyi da wadda ta tafi abinta. A fim an mayar da yaran ƙanana, ba su da wani tasiri. Ben Frye ma, malamin makarantar da Gillian ta so, babu shi sam.

Ba wai fim ɗin ba shi da daɗi bane. Sandra Bullock da Nicole Kidman sun yi kama da ya da ƙanwa na gaske, Stockard Channing da Dianne Wiest kuma sun ba gwaggonnin rai fiye da yadda littafin ya ba su fili. Na kuma yarda fim ɗin da bai kai awa biyu ba ba zai iya ɗaukar komai ba. Amma ai lokacin da suka samu sai suka kashe shi a kan ruhin Jimmy ya shiga jikin Gillian, matan gari sun taru da tsintsiya suna fitar da shi, a ƙarshe ma har da matan gidan Owens suna dirowa daga saman rufi ranar Halloween, bikin da ake shigar mayu da dodanni a Amurka, mutanen gari na murna. Wato garin da ya tsane su shekara da shekaru ya rungume su a dare ɗaya.

Hoffman ba ta yi wannan sauƙin ba. A wajenta Sally da Gillian ne da kansu suka kira tsofaffin nan da suka guje wa a waya, suka taso suka zo gidan Sally suka kawar da Jimmy, ba taron jama'a ba tafi, daga su sai 'ya'yansu a bayan gida.