"Nawa ake biyansu?" in ji gwaggona

Daren jiya muna shan iska a tsakar gida a Birni, ƙanwata ta kunna bidiyon ƴan rawar bale na gidan Opera na Faris. Na ɗauka gwaggo za ta kau da kai saboda shigarsu. Sai ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da ido, ƙafafun kawai take kallo. Can ta ce, "Wannan yarinya tana shan wuya. Nawa ake biyansu?"

Gwaggo ta san abin da take faɗa. Zamanin Shugaba Kunce ta yi rawa a samariya, ta bi tawagar Damagaram zuwa festibal, wato bikin matasa na ƙasar Nijar, kuma a lokacin su ma bale ake kiran wasan nasu. Yau gwiwa ta hana ta sallah a tsaye.

Tambayarta ce ta hana ni barci. A can rawa aikin albashi ne. Tun 1661 Sarki Luwi na 14 ya kafa majalisar masanan rawa a Faransa, yau kuma ƙungiyar Opera tana da ƴan rawa kusan 150. Yawancinsu tun suna yara ƙanana suka shiga makarantarta. Kowace safiya, babba da ƙarami, sai sun kama sandar jikin bango sun maimaita motsin da suka koya tun suna shekara 8, sannan a shiga gwaji har yamma, da dare a hau dandamali. Matsayi hawa 5 ne kamar galan soja. An daɗe ana hawa ta hanyar gasa gaban alƙalai, amma na ƙoli, wanda suke kira tauraro, naɗi ne, a gaban ƴan kallo ake sanarwa bayan an gama wasa. Haka aka yi wa Guillaume Diop, wanda mahaifinsa ɗan Senegal ne, a birnin Seul a 2023. Shi ne baƙar fata na farko da ya kai nan a gidan.

Takalmin da matan ke tsayuwa a kan yatsu da shi babu katako a ciki. Ƙyalle ne da takarda da gam aka danne suka yi tauri. Mai shi ce ke ɗinka masa igiya da hannunta, ta bubbuga shi a ƙasa ya yi laushi, kuma wani lokaci wasa ɗaya ya isa ya kashe shi. A cikinsa akwai farcen da ya yi baƙi da kanta da bororo, fuska kuwa dole ta yi murmushi. Ni waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne ƴan sahu, masu tsayawa cik kamar an dasa su, ƙafa na rawa don gajiya, tafi kuma na wata.

Ba ina cewa mu ɗauko shigarsu ba. Ba ta dace da addininmu da tarbiyyarmu ba, kuma ba zan so ƴata a cikinta ba. Abin da ya tsaya min a rai daban ne: sun yarda cewa jiki na ƙarewa. Ɗan rawar Opera yana ajiye aiki a shekara 42, ya koma cin fansho. Da gwamnati ta so taɓa wannan tsari a Disamban 2019, yajin aiki suka shiga, suka fito bakin ƙofar gidan cikin sanyi suka yi rawa a fili.

Mu fa? Gini ta mayar da ƙungiyar rawar da ɗan ƙasarta Keita Fodeba ya kafa ta zama ta ƙasa bayan samun ƴanci a 1958, ta zaga duniya da ita. A nan sai baƙo zai zo ake tuna masu rawa da makaɗa. A shanya su a rana tun hantsi, a sallame su da jaka biyu da ruwan leda, gobe a kira su ƴan iska. Ɗan kokawa ko ba komai yana da takobi da kyautar da yake hari.

Da na gaya wa gwaggo maganar fanshon, shiru ta yi. Sannan ta aiki ƙanwata ta buɗe tsohuwar akwatinta, ta ɗauko zanen ankon da suka yi festibal da shi. Shi kaɗai aka bar musu, har yanzu yana ƙanshin turaren wuta.