Mai Kitson Kwamfuta

Da Malam ya ba ni taken aikin kammala digiri, sai da na karanta sau biyu: in rubuta manhajar da za ta duba kitso biyu ta faɗi ko iri ɗaya ne. Kuma lissafi ne na gaske, wani masanin lissafi Emil Artin ya kafa shi tun 1925. Zare ake jerawa, kowace giciya da lambarta: 1 in na farko ya hau na biyu, 2 in na biyu ya hau na uku, wanda ya bi ta ƙasa a sa masa alamar ɗebewa.

Bakina ne ya fara ja min, da na faɗa a gida. Kaka ta ajiye carbi ta ce, "Maigida, shekara huɗu ana ba ka kuɗin acaɓa, ashe kitso kake koyo? Ai da ka zo wurina, kyauta."

Na share ta. Dare biyu na gama aikin da Python, harshen rubuta manhaja, kuma dabarata ta burge ni: a bi kowane zare a ga inda ya ƙare. In an ƙare wuri ɗaya, kitso ɗaya ne. Har na sayo ulu kala uku a kasuwar Wunti, na ɗaure a ƙusar ƙofa don in kunyata tsohuwa.

Ta kama ja da kore ta murɗa, ta sake murɗawa. "Tambayi na'urarka."

Na buga 1, 1. Kwamfuta ta ce babu kitso, kowane zare ya koma gidansa.

"To, raba su mana."

Na ja, suka ƙi. Na ƙara ja, ƙusa ta fita ta same ni a goshi. Ƙannena har da faɗuwa don dariya.

Cikin dare na buɗe manhajar lissafi ta SageMath a ɓoye, na yi mata tambayar, ita ma ta goyi bayan Kaka. Ashe komawa gida daban, warwarewa daban. Dole na koma kan hanyar wani masanin lissafi Garside ta 1969, wadda ke mayar da kowane kitso zuwa siffa guda kafin a kwatanta. Mako uku ina tufka da warwara, in na kusa kamo bakin zaren a ɗauke wuta.

Ƙa'idar Artin mai cewa 1, 2, 1 daidai yake da 2, 1, 2 kuwa, na daina yarda da allo, a kan ƙanwata na gwada. Ta tabbata, amma sai da na biya awarar ɗari biyar da kuɗin tsifa.

Jajibirin sallah ina kwance na ji sallama. 'Yan mata biyu ne daga maƙwabta, kowacce da matajinta da man kitso, wai Kaka ta ce su zo da wuri kafin layi ya yi tsawo.