Kowa ya zama likita a kan ciwon aminiyata

Ranar da ya kamata a saka wa aminiyata kemo na uku, wato maganin asibiti na sankarar mama da take fama da ita, haka muka dawo gida ba a saka ba. Mun yi sammako, an ɗebi jini, mun zauna jiran sakamako har rana ta take, sannan likita ta juyo da fuskar kwamfuta wajenmu ta nuna lambobi biyu na gwajin hanta. Sun haura nesa da inda ya kamata su tsaya. Ta zare tabarau ta dube ta, ta ce, "Baiwar Allah, me kike sha wanda ba mu muka ba ki ba?" Aminiyata ta sunkuyar da kai. Ni kuwa sarkin azarɓaɓi na yi caraf na ce, "Babu komai likita, ni nake ba ta magungunanta da hannuna." Ashe ni ce aka bari a duhu.

Da muka isa gida ta durƙusa ta jawo wata jarka daga ƙarƙashin gado. Ruwa ne baƙi ƙirin mai kauri, warinsa kaɗai ya isa ya tayar da zuciyar mai lafiya. Ba takarda a jikinsa, ba suna, ba adadin da za a sha, ba ranar lalacewa. Kwana 19 tana shan rabin kofi safe da dare a ɓoye. Gwaggonta ce ta kawo daga wurin wani mutum da aka ce matan da ya warkar sun fi a ƙirga. Likita dai ba ta rantse cewa jarkar ce ba, ta ce kemon kansa yakan taɓa hanta. Amma da aka daina sha, cikin mako biyu lambobin suka sauko. Kowa ya yi wa kansa lissafi.

Wannan mako biyun shi ne yake ci mini rai har yanzu. Ba don nishaɗi ake saka kemo duk bayan kwana 21 ba. Maganin yana kashe ƙwayoyin halitta masu saurin rabuwa, na ciwon da na jiki gaba ɗaya, shi ya sa gashi yake zuba, baki yake yin gyambo, jini yake ƙasa. Ana ba da tazarar ne daidai yadda ɓargo zai farfaɗo ya sake ƙera jini, kafin ƙarin ya samu sararin miƙe ƙafa. Duk ranar da aka ƙara a kan wannan tazara, ciwon aka yi wa kyauta. Mutumin da ya dafa wannan baƙin ruwa bai san ma akwai wani abu wai shi kwana 21 ba. Ya karɓi kuɗinsa, ya kwanta ya yi barcinsa.

Tun ranar da aka ce mata sankarar mama ce, ban taɓa sanin muna da likitoci da yawa haka a cikin dangi da abokan arziki ba. Wadda ko allura ba ta iya kallo ta zama ƙwararriya. Wannan ya turo bidiyo, waccan ta turo murya ta minti goma sha biyu, wani ya zo dubiya da leda. A daina shan sukari, wai shi ne abincin daji, in an hana shi sai ya mutu da yunwa. To, gaskiya ne ƙwayoyin daji suna zuƙar sukari fiye da sauran, wani Bajamushe mai suna Otto Warburg ya gano haka kusan shekara ɗari da suka wuce. Sai dai ƙwaƙwalwa ma da shi take aiki, kuma in ka hana jiki sukari hanta ce za ta ƙera shi daga tsokar mutum. Matar da take rama kullum, wadda muke lallaɓa ta ci cokali uku, ita ake cewa ta ƙara yunwa a kan yunwa. Wani kuma ya ce ruwan "alkalin" zai canza mata jini daji ya gudu. Jinin ɗan Adam yana tsaye ne tsakanin 7.35 da 7.45 a ma'aunin tsami, huhu da ƙoda suke tsare shi dare da rana, kuma ran da ya goce daga nan da gaske, ɗakin gobe-da-nisa ake kai mutum.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai ƙwallon aprikot, abin da suke kira "bitamin B17". Ba bitamin ba ne sam. Sinadari ne da yake sakin gubar sayanaid a cikin jiki. An ma gwada shi a Amurka a kan majinyata 178, aka buga sakamakon a 1982: bai warkar da kowa ba, bai tsayar da ciwon ba, wasu kuma alamun guba suka bayyana a jikinsu. Sama da shekara arba'in ke nan da rufe wannan magana, amma ga shi an sake yi masa sabuwar kwalba an turo wa aminiyata a waya da tsakar dare.

Sai kuma tsohuwar magana, wai daji ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya bazu. Wannan maganar ta sa ta yi wata huɗu tana shafa mai a kan ƙullutun kafin ta yarda a tsaga a ɗebi ɗan nama a gwada. Lokacin da ta fara jin sa bai wuce ƙwayar wake ba. Ranar da muka je, har hammata ya kai, kaluluwa ta fito. Wanda ya fara faɗa mata maganar yana nan lafiya lau, har dubiya ya zo, ya zauna yana girgiza kai yana cewa, "Ai na faɗa kada a bari su taɓa shi."

Abin da ya fi ƙona mini rai a sana'ar nan ke nan: mai ita ba ya taɓa faɗuwa. In majinyaci ya samu sauƙi, maganinsa ne ya yi aiki, ko da kuwa kemo shida da tiyata aka yi a tsakani. In ya rasu, ai asibiti suka lalata aikin, ko an zo a makare, ko bai sha yadda aka ce ba, ko bai sa yaƙini ba. Magori ke nan, wasa kanka da kanka. Shaidunsa kullum masu rai ne, domin waɗanda ke kwance a ƙasa ba sa ɗaukar bidiyo. Su ma masu bidiyon a bi su a hankali. Akwai wata 'yar Ostireliya, Belle Gibson, da ta tara dubban mabiya da kuɗi da labarin cewa ta warkar da dajin ƙwaƙwalwarta da abinci da tsirrai. A 2015 ta amsa da bakinta cewa ba ta taɓa yin ciwon ba. A 2017 kotu ta ci ta tarar dalar Ostireliya 410,000. Su kuwa waɗanda suka ajiye maganinsu saboda ita, wa zai biya su?

Masu bincike a jami'ar Yale sun bi diddigin irin waɗannan mutane a bayanan asibitocin Amurka, mutum 281 da suka ƙi maganin asibiti suka zaɓi wani abu daban shi kaɗai, aka kwatanta su da 560 masu irin ciwonsu da suka karɓi magani. Haɗarin mutuwar na farkon ya ninka sau biyu da rabi. A sankarar mama, irin ta aminiyata, ya ninka fiye da sau biyar. Kuma kada wani ya ce jahilci ne ko talauci. Steve Jobs na kamfanin Apple, da dukiyarsa da iliminsa, an gano masa ƙari a 2003, irin wanda ake iya yankewa, ya yi kusan wata tara yana gwada abinci da wasu dabaru kafin ya yarda da tiyata a 2004. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ban ga laifin mai kamawa ba. Mai miƙa takobin nake nema.

Gwaggo ta zo washegarin ranar da na ga jarkar, na gaishe ta har ƙasa, sannan na ajiye jarkar a gabanta. Ta ce, "'Yar nan, shi ma na asibitin ai guba ne, dubi yadda ya mayar mini da yarinya. Wannan kuwa itace ne, Allah ya halicce shi." Na ce, "Gwaggo, gaskiyarki, guba ne. Amma kafin a saka mata sai an auna tsayinta da nauyinta, an duba jininta da hantarta da zuciyarta, an san digo nawa jikinta zai ɗauka. Wannan jarkar wa ya auna?" Kuma zancen itace, ai ba wanda ya raina itace. Maganin da za a koma saka mata bayan jan maganin kemo da aka fara mata da shi, paklitaksel, daga ɓawon wata bishiya aka fara samo shi a dazukan yammacin Amurka. Binkiristin da ake ceton yara masu dajin jini da shi, daga wani ɗan fure na Madagaska ya fito. An shekara da shekaru ana tace su, ana gwadawa, ana gano adadin da yake kashe ciwo da wanda yake kashe mutum. Gwaggo ta yi shiru, sannan ta fashe da kuka ta ce ita dai ba za ta iya zama ta naɗe hannu tana kallo ba. Nan fushina ya karye, domin ni ma abin da yake damuna ke nan.

Kada kuma asibiti su ɗauka na wanke su. Wallahi suna da kaso babba a cikin jarkar nan. Mukan yi awa biyar a kan benci don ganin likita na minti biyar, rabinsa yana rubutu bai ɗago ba. Ranar kemo na farko ba wanda ya gaya mata cewa jan maganin nan yana rina fitsari ya yi ja na kwana ɗaya ko biyu. Ƙarfe biyu na dare ta kira ni tana rawar murya, wai jini take fitsarwa, na zo mu yi sallama. Jimla ɗaya tak daga bakin ma'aikaciyar jinya da ta raba mu da wannan daren. Ba wanda ya zaunar da ita ya ce gashinki zai fara zuba a mako na biyu ko na uku, zai kuma dawo. Ba wanda ya tambaye ta ko tana shan wani abu a gida sai da hanta ta yi ƙara. Da ta taɓa gwada tambayar wani matashin likita game da wani ganye, dariya ya yi ya ce, "Ku dai ba kwa jin magana." Daga ranar ta kulle bakinta. Shi kuwa mai jarka awa guda ya ba ta yana saurare, ya kira ta 'yata, ya ce ta kwantar da hankalinta, kuma duk lokacin da ta buga waya yana ɗauka. Ƙarya yake sayarwa, amma ya iya tarbar mai tsoro. Ku kuna da maganin gaske, kuna miƙa shi kamar ana rabon takardar sammaci.

Ni ma ina da nawa. Ranar da na ga jarkar na ɗaga mata murya, na ce so kike ki kashe kanki ki bar mana yara? Ta dube ni, kanta ba ko sili ɗaya, ta ce, "Ƙawata, ke kina komawa gida ki yi barci. Ni nake kwana da shi." Ban sami amsa ba. Da ma saboda irin wannan faɗan nawa ta ɓoye mini tun farko.

Yanzu mun yi yarjejeniya. Akwai wata jaka a bayan ƙofa. Duk wanda ya kawo wani abu, gari ne, ruwa ne, ƙwaya ce mai kyakkyawan kwali daga ƙasar waje, mu ce mun gode, Allah ya saka, a jefa a jaka. Ranar asibiti in ɗauka in zube a gaban mai haɗa magunguna, wata baiwar Allah mai haƙuri da muka dace da ita. Ita ta gaya mana cewa ko ganyen da Turawa ke sha don damuwa, wanda suke kira St John's wort, yana sa hanta ta yi saurin wanke wasu magungunan daji daga jini kafin su yi aiki, don haka kyan kwali ba hujja ba ne. Abin da ba shi da suna a jiki ko buɗe shi ba ta yi. Ta amince da 'yar citta kaɗan saboda tashin zuciya, tare da maganin amai na asibiti. Tausa, ɗan tattaki da yamma, addu'a iya iyawa, duk ta ce a yi, ba abin da suke tarewa. Sharaɗin ɗaya ne: ba abin da zai sa a ɗaga ranar kemo.

Ku kuma masu son taimako, aiki yana nan jibge. Ku zo ku kai ta asibiti. Ku kwashi yara na kwana biyu. Ku wanke kayan da ta yi amai a kai. In kuna mura ku zauna a gida, musamman daga kwana 7 zuwa 14 bayan kemo, lokacin da fararen ƙwayoyin jininta suke ƙasa, zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni yana nufin mu tashi zuwa asibiti ko ƙarfe nawa ne. Makon jiya mutum tara suka turo mata magani a waya. Da na nemi wanda zai kwana da ita ranar Laraba saboda ɗana ba lafiya, kowa yana da uzuri.

Jiya da daddare ina goge mata ƙafa, wayarta ta yi ƙara. Mai jarka ne, yana tambayar jikin 'yarsa, yana cewa ta turo a karɓi kashi na biyu kafin ya ƙare, wai wannan ya fi na farko ƙarfi. Ta miƙo mini wayar ta ce in ba shi amsa. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa, ta ce, "Ke dai ba ki iya zagi kaɗan ba." Ta karɓa ta toshe lambar da kanta, ta ce in saka mana ƙararrawa ƙarfe biyar, gobe kemo na biyar, kuma in ba mu yi sammako ba benci ma ba za mu samu ba.